Tsakanin Gajeriyar Rashin Lafiya da Doguwar Jinya

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ara mana rai da gaɓoɓi, kuma zai karɓi abinSa a ranar da Ya ƙaddara. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya saba jin sanarwar rasuwa, ko a rediyo ko a bakin ladani bayan an sallame salla a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki a nan Kaduna, ya san cewa da ɗayan maganganu biyu ake yawan rufe labarin mamaci. Ko dai a ce wane ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, ko kuwa a ce ya rasu bayan doguwar jinya. Mukan ji, mu yi masa addu'a, mu gyara sahu mu sallace shi, sannan a ɗauki makara a nufi maƙabarta. Ba mu cika tsayawa mu tambayi kanmu abin da ke ƙunshe cikin magana ta biyun ba, domin ita doguwar jinya a uwar ɗaki ake yin ta, a bayan labule, kuma mafi yawan waɗanda suke cika sahun jana'iza ba su ne suka ɗauki nauyinta ba.

Ni dai na leƙa bayan labulen, kuma abin da na gani shi ne dalilin wannan rubutu. Baffana, ƙanin mahaifina, Allah Ya jiƙansa da rahama, ma'aikacin gwamnati ne wanda ya yi shekara 35 yana aiki kafin ya yi ritaya. A tsawon waɗannan shekaru tafiyarsa ba ta wuce daga ƙofar gida zuwa mota, daga mota zuwa kujerar ofis. Mutum ne mai ibada da kyauta, ba ya shan taba, ba a san shi da wani mugun hali ba. Wata safiya ya durƙusa zai yi alwalar Asuba, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Daga wannan safiya zuwa ranar da muka kai shi makwancinsa, shekara 6 ce cur. Shekara 6 ana juya shi a kan katifa dare da rana don kada bayansa ya yi gyambo, kuma duk da haka sai da ya yi. Ana ɗaga shi, ana sa masa fo, ana yi masa tsarki, ana riƙe hannunsa a yi masa taimama. Mutumin da ko hula ba ya cirewa a gaban 'ya'yansa, shi ne aka wayi gari 'yarsa ce take canja masa sutura. Mu maza mukan zo dubiya ranar Juma'a, mu zauna minti goma, mu ce Allah Ya sa kaffara ce, mu tura ɗan abin da ya samu ƙarƙashin matashi mu kama gabanmu. Matarsa da 'yar autarsa su ne ba su da ranar tafiya. An sayar da fili, an sayar da mota, yarinyar ta ajiye karatu. Abin da kuwa ya fi tsaya mini a rai shi ne, idan ya ji kiran sallar Juma'a sai hawaye su riƙa bin kumatunsa, yana son ya yi magana harshe ya ƙi.

Ban kawo wannan labari don in ce baffana shi ya jawo wa kansa ba, Allah Ya tsare ni da faɗin haka. Na kawo shi ne saboda likitan da ya duba shi ya shaida mana cewa hawan jini ne ya daɗe yana cin sa ba a sani ba, kuma irin zaman da ya yi na shekara da shekaru yana cikin abubuwan da suke ciyar da wannan cuta gaba. To, irin wannan zaman shi ne mafi yawanmu muke yi a yau, malamanmu da 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu. Hausawa kuwa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da wani zai fara cewa, domin an sha gaya mini: ai ajali ba ya gaba ba ya baya, to gudun me za a yi? Wannan magana gaskiya ce, sai dai an ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Allah da Ya rubuta ajali, Shi ne Ya rubuta sababai, kuma Ya umarce mu da riƙo da su. Sayyidina Umar (R.A.) ya kama hanyar Sham, da labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can sai ya yi shawara ya juya da jama'arsa, kuma da aka yi masa maganar ƙaddara ya nuna cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Babu wanda ya isa ya ce Umar bai san tawakkali ba. Abin mamaki ma shi ne, mai kawo hujjar ajali shi ne za ka ga bai taɓa barin shagonsa a buɗe ya tafi gida ba, kuma idan lokacin juyen mai ya yi ba ya ƙara kwana bai kai motarsa wurin bakanike ba. Ƙarfe yana samun kulawa a kan lokaci, amma jikin da za a tambaye shi a kansa ranar gobe, shi ne aka jingina wa tawakkali.

Bugu da ƙari, ni ba tsawon rai nake yi wa kowa talla ba. Maganata a kan yadda ƙarshen rayuwar zai kasance ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 matsakaicin tsawon ran ɗan Adam a duniya kimanin shekara 73 ne, amma shekarun da yake yi cikin ƙoshin lafiya ba su wuce kimanin 64 ba. Wato akwai kusan shekara 9 zuwa 10 da ake cinyewa cikin ciwo da naƙasa, kuma kaso mai yawa daga cikinsu a ƙarshen rayuwa yake taruwa. Wani likita a Jami'ar Stanford ta Amurka mai suna James Fries ya kawo wani ra'ayi a shekarar 1980, cewa idan aka iya jinkirta ranar da naƙasa take fara kama mutum, to za a matse shekarun wahala su koma 'yan kaɗan daf da mutuwa. A harshenmu, a mai da doguwar jinya ta koma gajeriyar rashin lafiya. Masu suka a lokacin sun ce sam, duk abin da ya ƙara wa mutum kwana sai dai ya ƙara masa kwanan jinya.

Shi da abokan aikinsa sai suka ɗauki hanyar gwaji. Daga shekarar 1984 suka fara bibiyar mutum 538 masu al'adar yin gudu, dukkansu 'yan shekara 50 zuwa sama, tare da wasu mutum 423 sa'o'insu waɗanda ba 'yan ƙungiyar gudu ba ne. Sakamakon da suka fitar a shekarar 2008 ya nuna cewa bayan shekara 19, kashi 15 cikin 100 na masu gudun ne suka mutu, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 34 ne. Amma abin da ya fi jan hankalina ba lissafin mamatan ba ne. Naƙasar tsufa, wato gazawa wajen tafiya da sa tufafi da tashi daga kujera da makamantansu, ta jinkirta wa masu gudun da fiye da shekara 10, kuma ratar da ke tsakanin ɓangarorin biyu sai ƙaruwa take yi yayin da suke ƙara tsufa. Lalle ne a yi adalci a ce waɗannan mutane masu ilmi ne da wadata, ba irin rayuwarmu suke yi ba. Sai dai jijiya da tsoka ba su san Bature ba, ba su san Bahaushe ba.

Tun kafin wannan ma, a shekarar 1953, wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya duba lafiyar dubban ma'aikatan bas-bas masu bene na birnin Landan. Direba da kwandasta a mota ɗaya suke wuni, iska ɗaya suke shaƙa, daga gidaje iri ɗaya suka fito. Bambancinsu kawai shi ne direba a zaune yake wuni, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala ɗaruruwan taku a kullum yana karɓar kuɗin mota. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma idan ya kama su ya fi saurin kashe su. Shi kansa likitan ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya mutu a shekarar 2009 yana da shekara 99. Duk wanda ya san tashar Kawo zai iya kwatanta wannan da idonsa, ya dubi jikin direban da ya shekara ashirin a bayan sitiyari, ya kuma dubi na yaron mota.

Kada mai karatu ya ce duk wannan labarin ƙasashen Turawa ne. An gudanar da wani babban bincike a kan shanyewar ɓarin jiki a asibitocin Nijeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, aka fitar da sakamakonsa a shekarar 2018. Ya nuna cewa kimanin kashi 90 cikin 100 na wannan cuta a wurinmu yana da alaƙa da hawan jini, kuma ya lissafa rashin motsa jiki da ciwon suga da yawan gishiri a cikin abubuwan da suke ƙara haɗarinta. Cutar da muke cewa iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa, har a riƙa yawo da mara lafiya gidajen bokaye ana ɓata imani da dukiya, mafi yawanta jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Tafiya da sauri a kai a kai tana sassauta hawan jini, tana taimaka wa jiki ya ƙone suga, tana rage teɓar da muke yi wa kirari da alamar arziki.

Akwai kuma wani ɓarawo da ya fi hawan jini iya sanɗa, wato zubewar tsoka. Daga shekara 30 zuwa sama tsokar jikin mutum takan riƙa raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara 10, kuma raguwar takan ƙara sauri bayan shekara 60. Ba ta zuwa da zazzaɓi balle a farga. Sai dai wata rana mutum ya ga ba ya iya tashi daga tabarma sai ya dafa bango, wata rana ya ga tsugunno ya gagare shi, wata rana santsi ya kwashe shi a banɗaki ƙashin ƙugu ya karye. Tsohon da ƙugunsa ya karye kuwa, likitoci sun tabbatar da cewa kusan ɗaya cikin biyar ko fiye ba sa cika shekara a raye, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiya kamar da. Kwanciyar ita kanta cuta ce. A shekarar 1966 a birnin Dallas na Amurka an kwantar da samari 5 'yan shekara 20 a kan gado har mako 3 ba tare da suna da ciwon komai ba. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka ga kwanciyar mako 3 ɗin nan ta fi raunana ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu a kan tsufan shekara 30. Wannan ya kamata ya zama izina ga masu hana tsoho motsi da sunan tausayi, da zarar ya miƙe a ce Baba zauna, me kake so a kawo maka?

Alamar wannan tana nan a masallatanmu ga mai lura. Waɗanda suka girma a Kaduna za su tuna lokacin da ba a san kujera a cikin sahu ba, sai ɗai-ɗai ga wanda ya tsufa tukuf. Yau kujerun roba sun zama kayan masallaci kamar darduma da buta. Ba ina zargin mai salla a zaune ba ne, domin rangwame ne da shari'a ta yi, kuma asalinsa sananne ne daga sahabi Imrana ɗan Husaini (R.A.) wanda basur ya dame shi aka ba shi izinin yin salla gwargwadon ikonsa. Abin da yake ba ni tsoro shi ne shekarun masu hawa kujerun. Mutum bai cika 55 ba, amma goshinsa ya yi bankwana da ƙasa. Idan Allah Ya ba shi shekara 75, ke nan shekara 20 zai yi bai ɗanɗani sujada ba. Wanda ya san matsayin sujada a wurin Ubangiji ba zai ɗauki gwiwarsa da wasa ba.

Kuma babu wanda lokaci ya ƙure wa matuƙar yana numfashi. A shekarar 1990 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a gidan kula da tsofaffi a birnin Boston, inda aka sa mutum 10 masu shekara 86 zuwa 96 ɗaga nauyi da ƙafafunsu sau 3 a mako har tsawon mako 8. Ƙarfin tsokar cinyar waɗanda suka kammala ya ninka fiye da sau biyu, har biyu daga cikinsu suka ajiye sanda. Idan tsokar ɗan shekara 90 tana amsa kira, ina uzurin ɗan shekara 45?

Yaya aka yi muka zo nan? Iyayenmu ba su san kalmar motsa jiki ba, domin rayuwarsu ce gaba ɗaya motsi: noma da kiwo da fatauci da zuwa cin kasuwar ƙauye a ƙafa. Birni ne ya zo mana da sauƙi, sauƙin kuma ya zo da kuɗinsa. Yau mutum zai fito daga Unguwar Sarki zai je Unguwar Kanawa ko Unguwar Shanu, tafiyar da ba ta isa a ɗaura mata ɗamara ba, amma sai ya tsaya a bakin titin Ali Akilu yana jiran Keke Napep, har tsayuwar jiran ta kusa kai tsawon tafiyar. Ba mu kaɗai ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon buƙata, kuma mata sun fi maza, kashi 34 a kan kashi 29.

A nan ne nake son mu tsaya mu ji tsoron Allah game da iyalanmu. Kakanninmu mata suna cikin gida, amma suna daka, suna surfe, suna niƙa a dutse, suna jan guga a rijiya, suna share tsakar gida mai faɗi. Yau inji ya karɓi niƙa da markaɗe, famfo ya karɓi guga, 'yar aiki ta karɓi tsintsiya, gidan kuma ya koma ɗaki biyu da falo. Baiwar Allah za ta wuni tsakanin kujera da gado, idan ta yi jiki mu ce ta samu hutu, mijinta ya iya kiwo. Kafin ta aurar da 'yarta ta fari gwiwa ta tafi, suga ya shigo, jini ya hau. Maigidan da ya tsare matarsa a gida don kiyaye mutuncinta, wajibinsa ne ya nema mata hanyar da jikinta zai motsa a cikin sutura, ko da kuwa shi ne zai riƙa fita da ita bayan Magariba su taka tare. In bai yi ba ya sani cewa ya tauye amana, kuma ita ɗin ce dai yake sa ran za ta yi jinyarsa.

Wani abin da yake ɗaure mu shi ne girma. An ɗauka cewa malami ko alhaji ko mai unguwa bai kamata a gan shi yana gumi ba, wai zubar da mutunci ne, ko kuwa kwaikwayon Nasara. To, wa ya kai Manzon Allah (S.A.W.) mutunci? Ya tabbata cewa ya yi tsere da matarsa Nana A'isha (R.A.) ta wuce shi, bayan shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake ya wuce ta. Ya shirya tseren dawaki a Madina. Yakan je Ƙuba duk ranar Asabar, wani lokaci a kan abin hawa, wani lokaci a ƙafa. Da Banu Salima suka so su taso su dawo kusa da masallaci, ya umarce su da su zauna a unguwarsu saboda ladan takunsu. Labarin kokawarsa da Rukana ya shahara, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, don haka ba zan kafa hujja da shi ba. Yana cikin addu'o'insa neman tsari daga kasala da gajiyawa da mummunan tsufa. Sannan a dubi ƙarshen rayuwarsa. A Hajjin Bankwana, kimanin wata 3 kafin wafatinsa, ya soke raƙuma 63 da hannunsa mai albarka, kuma rashin lafiyar da ya yi wafati a cikinta kimanin mako 2 ta yi. Malamai irin su Ibnul Ƙayyim sun yi bayani a kan amfanin motsa jiki ɗaruruwan shekaru kafin a haifi likitocin da na ambata. Shi kansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda masallacin unguwarmu yake ɗauke da sunansa, mahayin doki ne da ya jagoranci yaƙi da kansa, kuma ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani. Zaman dirshan da muke kira girma ba daga magabata muka gaje shi ba.

Saura magana ɗaya mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Wani zai ce ai ciwo kankarar zunubi ne, me ya sa za mu guje masa? Haƙiƙa ciwo kaffara ne ga mumini mai haƙuri, kuma ina kyautata zaton shekaru 6 na baffana suna cikin mizaninsa da na waɗanda suka yi jinyarsa. Annabi Ayyuba (A.S.) ya daɗe cikin jinya alhali yana zaɓaɓɓen Allah, don haka babu mai ikon kallon majinyaci ya ce sakacinsa ne. Amma an umarce mu da haƙuri idan bala'i ya sauka, ba a umarce mu da mu shimfiɗa masa tabarma ba. Abin da aka koya mana mu roƙa shi ne lafiya. Haka kuma ba ina cewa mai motsa jiki ya sayi mutuwa mai sauƙi ba ne. Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasan ƙwallo da Angola, yana saurayi mai ji da ƙarfi, kuma bai tashi ba. Ciwon daji yana kama manomi kamar yadda yake kama mai kwana a kujera. Zafin fitar rai kuwa babu wanda ya tsallake shi, har mafificin halitta ya ɗanɗana. Abin da motsa jiki yake yi, da izinin Allah, shi ne ya rage yiwuwar a shafe shekaru ana mutuwa kaɗan-kaɗan, ya ƙara yiwuwar mutuwa ta iske bawa yana kai kansa masallaci, yana yi wa kansa tsarki, hankalinsa yana jikinsa har ya rubuta wasiyya, ya biya bashi, ya nemi gafarar waɗanda ya zalunta. Mu da muke roƙon kyakkyawan ƙarshe dare da rana, bai dace a ce wannan bai dame mu ba.

Abin da ake buƙata kuma bai taka kara ya karya ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ita ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, wato aƙalla rabin awa a kwana 5, tare da aikin ƙarfafa tsoka a kwana 2, sannan wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da abin da zai daidaita masa tsayuwa don gudun faɗuwa. Ma'aunin matsakaicin motsi shi ne ka yi tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya jan ƙira'a ba. Ƙarfafa tsoka ba sai da ƙarfen ɗagawa ba: tashi da zama a kujera sau 10 ba tare da dafa hannu ba, hawa matakala, ɗaukar bokitin ruwa da kanka. Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, salla ba atisaye ba ce, ibada ce, kuma tafiya zuwa gare ta da natsuwa aka ce a yi, saboda haka kada a haɗa niyya, a ware wa tafiyar sauri lokacinta. Bayan Asuba ya fi, kafin rana ta yi zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu. Na biyu, wanda ya daɗe a zaune, ko yake jin nauyi a ƙirji, ko haki, ko jiri, ya fara zuwa a auna jininsa likita ya duba shi, ya kuma fara da kaɗan. Wanda yake shan maganin hawan jini ko na suga kada ya ajiye shi don ya fara tattaki.

Wurin yi ma ba mu rasa ba. Dandalin Murtala, tsohon filin sukuwar da aka yi hawan daba na shekarar 1956 da na 1977, bai yi wa Unguwar Sarki nisa ba, kuma jama'a suna taruwa a can da safe suna motsa jiki. Wanda ya je ya ga cakuɗuwa ko kiɗa ko shigar da ba ta kwanta masa ba, ba a ɗaure shi da wurin ba, titunan unguwa sun ishe shi, kuma doguwar riga da wando ba sa hana sauri. Ina kuma kira ga kwamitocin masallatai da na makarantun Islamiyya da su duba abin da ke hannunsu. Harabar makaranta mai katanga tana zaman banza bayan an tashi ɗalibai, alhali za a iya ware wa mata sa'a guda a cikinta su zagaya su kaɗai. A cikin masu salla akwai likitoci da ma'aikatan jinya da za su iya auna jinin jama'a bayan sallar Juma'a ko sau ɗaya a wata, kuma na'urar awon ba ta kai kuɗin lasifika ɗaya ba. Muna da kwamitin jana'iza a kusan kowane masallaci, da makara da likkafani a ajiye, kuma hakan ya yi kyau. Zai ƙara kyau a samu waɗanda za su kula da shekarun da suke gabanin makarar.

Ni kaina sai bayan rasuwar baffana na je aka auna ni, aka ce jinina ya fara hawa. Na fara fita bayan Asuba, in bi titin Sultan in zagayo gida, kusan minti 40. A makon farko sau uku maƙwabta suna tsayar da mota a gefena, ɗaya ya sauke gilashi ya ce, Malam lafiya dai, ko motar ce ta lalace? Na ce masa motar lafiyarta ƙalau, mai motar ne ake gyarawa. Ya yi dariya ya wuce. Bayan wata biyu sai ga shi ya biyo ni da carbinsa a hannu yana haki, yana cewa in rage sauri.